Yadda ake auna hazon da aman wuta ke bari a saman sama

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar yanayi. An koya mana cewa idan babban dutse ya yi aman wuta yakan bar hazon salfet a sitiratosfiya, wato hawan iska na can sama, hazon kuma ya rage zafin duniya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda tauraron ɗan Adam yake auna wannan hazo daga nesa, da dalilin da ya sa ake amfani da hasken infared alhali ga hasken rana. Kuma shin alƙaluman da ake bayarwa abin dogaro ne?

Amsa: Barka kadai, ɗalibi, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Infared haske ne na zafi wanda ido ba ya gani. Ana amfani da shi ne saboda shi ke iya faɗa maka ko mene ne abin da ke shawagi a can sama da kuma yawansa, ga shi ba ruwansa da dare ko rana. Amma ka riƙe wannan tun daga farko: tauraro ba ya ƙirga komai, haske kawai yake aunawa. Duk wani adadi na tan miliyan kaza da ka gani, lissafi ne da aka gina a kan hasken, kuma a cikin lissafin akwai abubuwan da aka ƙaddara ba a auna su ba. Amincin alƙaluman yana rataye ne a kan waɗannan abubuwan.

Mu fara da abin da ake farauta. Tokar da dutse ke fesowa, duk da ita ce ke tsorata mutane, ba ta daɗewa a sama. Tana da nauyi, cikin kwanaki ko 'yan makonni ta zubo. Mai daɗewa ita ce iskar farar wuta, wato SO2. Idan aman ya yi ƙarfin da zai cilla ta cikin sitiratosfiya, wadda ke farawa daga wajen kilomita 16 zuwa 17 a yankunan zafi, da kilomita 8 zuwa 10 a kusa da ƙuryoyin duniya, to ta isa inda ba a ruwan saman da zai wanke ta. A can take haɗuwa da sinadarin OH, cikin kamar wata guda mafi yawanta ta rikiɗe ta zama asid na salfa, asid ɗin ya ja tururin ruwa ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana, waɗanda su ne hazon salfet. Asid ɗin nan shi ne na ruwan batirin mota, sai dai na batir kusan kashi ɗaya cikin uku ne asid, na sama kuwa wajen kashi 75 cikin 100. Faɗin ɗigon yawanci bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ko babu aman wuta akwai ɗan siririn hazo irin wannan a wajen kilomita 20, wanda Christian Junge ya gano a farkon shekarun 1960, shi ya sa ake kiran sa da sunansa. Aman wuta yana ninka shi ne ninkin ba ninki.

Dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin shi ne ma'aunin da kowa ke komawa gare shi. Ranar 15 ga Yuni 1991 ya watsa tsakanin tan miliyan 15 da 20 na SO2, har sama da kilomita 30. Cikin kimanin makonni uku gajimaren ya zagaye duniya. A 1992 matsakaicin zafin doron ƙasa ya ragu da wajen rabin digiri, ita kuwa sitiratosfiya ta yankunan zafi ɗumama ta yi da digiri biyu zuwa uku. Wannan ɗumamar ta sama ita ce mabuɗin tambayarka, domin ta nuna ɗigon suna shanye zafin da ƙasa ke fitarwa. Abin da ke shanye infared kuwa, ana iya ganin sa da infared.

Tsawon zangon hasken da ido ke gani wajen rabin maikiron ne, kusan daidai da girman ɗigon. Idan girman abu ya yi daidai da zangon haske, warwatsa shi yake yi. Na'urar da ke aiki da hasken rana tana jin wannan warwatsawar sosai, tana kuma iya ba da haske a kan girman ɗigon. Inda take da rauni shi ne ganewa. Hayaƙin gobarar daji yana warwatsa haske, siririn gajimaren ƙanƙara yana yi, toka mai laushi tana yi, salfet ma haka. Duk hazo ne a wurinta.

A infared na zafi, tsakanin maikiron 8 da 12, zangon ya ninka na hasken ido kusan sau ashirin, ɗigon sun yi masa ƙanƙanta da yawa. A nan warwatsawa ta ja baya, shanyewa ta karɓi ragama. Kowane sinadari yana da zangon da yake shanyewa, gwargwadon yadda ƙwayoyinsa ke girgiza. Asid na salfa yana shanye haske da ƙarfi a wajen maikiron 8.5, da wasu wurare biyu masu sauƙi kusa da 9.5 da 11, kuma siffar wannan shanyewa tana sauyawa idan kaurin asid ɗin ya sauya. Sannan da yake ɗigon ƙanana ne, yawan hasken da suka shanye yana bin jimillar ruwan da ke cikinsu ne, ko an raba shi ɗigo dubu ko ɗigo miliyan. Riba ke nan da asara a haɗe. Ka samu nauyi da nau'i ba tare da ka san girma ba, amma girman kansa ya ɓuya maka, alhali girma ne ke yanke yadda hazon zai mayar da hasken rana da kuma saurin faɗowarsa. Don haka mai hankali ba ya zaɓar ɗaya ya bar ɗaya. Idan ka auna hazo guda da hasken ido da infared, ka kwatanta su, a nan girman ke fitowa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tagar nan ta maikiron 8 zuwa 12 ba ta salfet ba ce shi kaɗai. Iskar SO2 da ba ta riga ta rikiɗe ba tana shanyewa a 7.3 da 8.7, na biyun kuwa ya hau kan na salfet. Abin da ke raba su shi ne iska tana barin layuka sirara masu kaifi, ɗigo kuma yana barin lotsawa mai faɗi, sumul. Na'ura mai kafofi kaɗan, wato mai auna zanguna kaɗan, ba za ta bambance su ba, sai wadda ke yanka hasken gida dubbai. Ozon ya zauna daram a 9.6, a tsakiyar taga. Toka tana shanyewa a 11 fiye da 12, ƙanƙara kuma akasin haka, kuma a kan wannan bambanci Fred Prata ya gina dabarar gano toka a 1989, wadda masu gargaɗin jiragen sama ke amfani da ita har gobe. Sai kuma wanda ya fi damun mai aiki a yankinmu: yashi. Yashin hamada ba ya fitar da zafi sosai a tsakanin maikiron 8 da 9, daidai inda salfet ke shanyewa, don haka tauraron da ya leƙo Sahara zai ga ragi a wurin ko da sama wasai take. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi lokacin hunturu ita ma tana da tata alamar a wannan taga. Kafofin 8.7 da 10.8 da 12 na na'urar SEVIRI, da ke kan taurarin Meteosat tana ɗaukar Afirka duk minti 15, su ne masu hasashen yanayi ke haɗawa su fitar da hoton ƙura, kuma su ɗin ne dai ake duba aman wuta da su. Shi ya sa aikin salfet ya fi tsabta a kan teku, inda shimfiɗar ƙasa iri ɗaya ce kuma an san halinta.

Kallon kansa iri uku ne, kuma kowanne da abin da yake iyawa.

Na farko tauraro ya dubi ƙasa kai tsaye. Fitacciyar na'ura a nan ita ce IASI, wadda hukumar sararin samaniya ta Faransa ta ƙera, aka ɗora ta a kan taurarin MetOp na EUMETSAT, hukumar taurarin yanayi ta Turai, da aka harba a 2006 da 2012 da 2018. Daga nisan kilomita 800 da 'yan kai tana raba infared zuwa kafofi 8,461, kowane kallo yana rufe da'ira mai faɗin kilomita 12, tana kuma ganin kusan duk duniya sau biyu a rana. Kafin ita akwai AIRS ta Amurka tun 2002, mai kafofi 2,378. A wannan salon ƙasa mai ɗumi ita ce fitila, hazo mai sanyi ya gifta ya rage mata haske.

Ga yadda aikin yake a gaban kwamfuta. Ka zaɓi wuri a kan tekun yankin zafi, da dare, inda babu gajimare. Ka ba kwamfuta zafin ruwan tekun, da zafin iska da damshinta hawa-hawa, da yawan ozon, ta lissafa maka hasken da ya kamata tauraro ya gani idan babu hazo. Sai ka cire wannan daga abin da aka gani a zahiri. Idan sama tsaf take, abin da zai rage layi ne kwance mai 'yar rawa. Idan akwai salfet, layin zai lotsa a wajen 8.5, ya ɗan taso, ya sake 'yar lotsawa kusa da 11, ya koma daidai can wajen 12. A matsakaicin aman wuta zurfin lotsawar, idan aka mayar da hasken zuwa ma'aunin zafi, sau da yawa bai kai digiri ɗaya ba. Ƙaramin kuskure a damshin iska, ko siririn gajimaren ƙanƙara da ya kuɓuce wa matatarka, ya isa ya haifar da ragi mai girman haka. Shi ya sa ba a yarda da kallo ɗaya. Ana tara dubbai, a ɗauki matsakaici, a duba ko siffar ta tsaya. Kuma kallon tsaye ba ya faɗa maka tsayin hazon da kyau. Ita iskar SO2 an fi samun sa'arta, domin kafar 7.3 tana cikin inda tururin ruwa ke shanye haske, tururin kuma ya taru ne a ƙasa-ƙasa, saboda haka gwargwadon yadda alamar ta fito sarari ana iya ƙiyasta ko gajimaren ya haye tururin da nisa.

Tun kafin a yi niyyar auna salfet ta wannan hanya, shi ya fara sanar da kansa. Bayan aman El Chichon na Meziko a 1982, da kuma bayan Pinatubo, na'urorin AVHRR da ke auna zafin teku daga sama sun riƙa nuna tekunan yankin zafi sun yi sanyi fiye da abin da jiragen ruwa da na'urorin da ke yawo a kan ruwa suke aunawa. Tekun bai yi wannan sanyin ba, hazo ne ya shiga tsakani.

Na biyu shi ne kallon gefe. Lokacin hazon hunturu, idan ka ɗaga kai sama za ka ga rana ko da dishi-dishi ne, amma idan ka miƙa ido gaba, gidan da ke ƙarshen layi ya ɓace, domin idonka ya ratsa ƙura mai nisa. Na'urar kallon gefe haka take yi da gangan: tana duban bakin duniya, idonta ya ratsa ɗaruruwan kilomita a cikin siririn hazon da kaurinsa 'yan kilomita ne kawai. A bayan hazon babu ƙasa mai ɗumi, sai sarari mai tsananin sanyi, don haka ɗan zafin da ɗigon kansu ke fitarwa shi ake gani, ƙari ne a kan duhu maimakon ragi. Na'urar tana hawa da sauka da idonta, ta ba ka hazon hawa-hawa, kowane hawa kamar kilomita uku. MIPAS da ke kan tauraron Envisat na Turai ta yi wannan aiki daga 2002, tana ba da kusan ma'auni dubu a rana, dare da rana, har da ƙuryoyin duniya a watanninsu na duhu, zuwa Afrilun 2012 da aka daina jin ɗuriyar tauraron. Har yau ba a maye gurbinta da irinta ba, kuma a ganina wannan babban giɓi ne da ba a ba shi muhimmancin da ya kamata.

Na uku, na'ura ta kalli rana ta cikin iska a daidai lokacin da take fitowa ko faɗuwa a idon tauraron. Wannan ya fi kowanne daidaito, saboda ana auna ranar a saman iska, a sake auna ta ta cikin iska cikin 'yan daƙiƙu, na'urar ta zama mai gyara kanta. Farashinsa shi ne ƙaranci: ma'auni kamar 30 ne kacal a rana. SAGE II ta yi haka daga 1984 zuwa 2005 da hasken ido da wanda ke dab da shi, ACE-FTS ta Kanada kuma tana yi da infared tun 2003.

Pinatubo ne ya nuna dalilin da ya sa ake bukatar su duka. Hazon ya yi kaurin da SAGE II ta kasa hango rana ta cikin ƙasan sitiratosfiyar yankin zafi na tsawon watanni, daidai inda aka fi bukatarta. Sai faɗuwa ta zo daidai da zama: a Satumbar 1991, wata uku bayan aman, aka harba tauraron UARS, wanda aka daɗe da shirya shi domin binciken ozon. A kansa akwai CLAES da HALOE da ISAMS ta Jami'ar Oxford, duk masu aiki da infared. Ga masu neman iskar gas, hazon cikas ne da ya dagula musu lissafi. Amma da yake infared yana ratsa hazon fiye da hasken ido, cikas ɗin ya zama ma'auni, kuma da shi aka cike wani ɓangare na giɓin da SAGE II ta bari.

Yanzu ga batun dogaro. Domin mayar da lotsawar haske zuwa tan, dole ka san ainihin yadda asid mai kauri kaza yake shanye kowane zango, wannan kuwa a ɗakin gwaji ake auna shi. Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi, na Palmer da Williams na 1975, a zafin ɗaki aka yi shi, alhali ɗigon suna zaune ne a sanyin digiri 50 zuwa 80 ƙasa da sifili. An yi sababbin gwaje-gwaje a cikin sanyi daga baya, amma ba su yi daidai da juna ɗari bisa ɗari ba, don haka mutum biyu za su iya ɗaukar haske guda su fitar da nauyi mabambanta saboda kowa da teburin da ya zaɓa. Haka kaurin asid: kashi 75 ɗin nan matsakaici ne, yana hawa da sauka da sanyi da damshi. Haka tsayin hazon, domin tsayi ne ke ba shi zafinsa, zafin kuma shi ke yanke zurfin lotsawar. Hanyar kama kuskure ita ce a kwatanta da abin da bai dogara da waɗannan zato ba. Jami'ar Wyoming ta shafe shekaru da dama, tun daga 1971, tana tura balan-balan daga garin Laramie ɗauke da na'urar da ke zuƙar iska tana ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya, tana auna girmansu. Na'urar lidar, wadda ke harba hasken leza ta saurari dawowarsa, tana ba da tsayi daidai, daga ƙasa ko daga tauraron CALIPSO da ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023. Hukuncina shi ne: inda hazon yake, da ko salfet ne ko wani abu, da yadda yake ƙaruwa ko raguwa wata bayan wata, waɗannan ka dogara da su. Jimillar nauyi kuwa, ka ɗauke ta a matsayin tazara tsakanin adadi biyu, kamar yadda na ba ka na Pinatubo.

Aman Nabro na Eritiriya a Yunin 2011 ya nuna yadda tsayi ke jawo gardama. Ya fitar da fiye da tan miliyan ɗaya na SO2. Wasu masana suka wallafa cewa iskar ba ta kai sitiratosfiya da kanta ba, guguwar damina ta Asiya ce ta ɗaga ta daga baya. Wasu suka musa, suka kawo shaidar lidar da ta infared cewa wani ɓangare ya shiga kai tsaye tun kwanakin farko. Muhimmancin gardamar shi ne, idan damina na iya ɗaga iskar aman wuta, to tana iya ɗaga hayaƙin masana'antu ma.

Hunga na ƙasar Tonga, ranar 15 ga Janairu 2022, ya zo da wani salo. Dutsen a ƙarƙashin teku yake. Gajimarensa ya haura kilomita 55, amma SO2 ɗinsa bai wuce wajen rabin tan miliyan ba, ɗan kaɗan idan aka gwada da Pinatubo. Sai dai ya cilla tururin ruwa kusan tan miliyan 146, kimanin kashi 10 cikin 100 na duk ruwan da ke sitiratosfiya. Ruwan ya hanzarta rikiɗar iskar zuwa asid, ya kuma kumbura ɗigon, har hazon ya zama mafi kauri tun bayan Pinatubo. Wanda ya tsaya ga auna iskar kaɗai da ya raina aman. Shekara biyu kafin nan, hayaƙin gobarar dajin Ostireliya ya kai sitiratosfiya, infared ne kuma ya nuna siffarsa dabam take da ta salfet.

Kada ka ɗauka abin ya yi mana nisa. Wani bincike da masana na hukumar yanayi ta Birtaniya suka wallafa a 2013 ya lura cewa uku daga cikin daminu huɗu mafiya fari a yankin Sahel tsakanin 1900 da 2010 sun biyo bayan manyan aman wuta ne a arewacin duniya. Katmai na Alaska ya yi aman a 1912, farin 1913 ya biyo, wanda ya haifar da yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba. El Chichon ya yi a 1982, ga farin 1983 da 1984. Ba a ce aman ne kaɗai sanadi ba, zafin tekuna yana da babban hannu. Amma dalilin a fili yake: idan hazo ya sanyaya arewacin duniya fiye da kudanci, layin ruwan damina yakan ja kudu, mu kuma muna bakin iyakarsa ta arewa. Saboda haka ga manomin Katsina ko Maraɗi, rabin duniyar da hazon ya karkata zuwa gare shi ya fi jimillar nauyinsa muhimmanci. Wannan ne ma ya sa nake ganin bai kamata a tattauna shawarar da wasu ke kawowa, ta watsa salfet a sama da gangan don rage ɗumamar yanayi, ba tare da masanan yankinmu suna zaune a teburin da alƙalumansu a hannu ba.

Idan kana son shiga fagen, bayanan IASI da SEVIRI ana samun su daga EUMETSAT, na AIRS da CALIPSO kuma daga NASA, ba sai ka biya ba don bincike. Ka fara da Raikoke na tsibiran Kuril, wanda ya yi aman a Yunin 2019 ya fitar da wajen tan miliyan ɗaya da rabi na SO2, domin gajimarensa ya daɗe a kan tekun Fasifik kuma na'urori da yawa sun kalle shi a lokaci guda. Ka bi iskar a kafar 7.3 kwana bayan kwana tana raguwa, ka nemi lotsawar 8.5 tana bayyana a makonnin da suka biyo, ka ɗauki tsayi daga lidar. Sai hannunka ya faɗa a kan teku sannan ka gwada Nabro, inda yashi da ƙura da gajimaren damina za su shiga maka lissafi gaba ɗaya.